Ranar da Kyauta Ta Karanta Bango

Sun rushe bangon. Wani ɗan ƙanin mahaifina ne ya faɗa mini a waya, a tsakiyar wata hira daban, kamar mai ba da labarin an sare bishiya a bakin hanya. Ya ce shaguna za a gina a wurin. Na ce masa to, muka koma maganarmu ta ciwon gwiwa da tsadar taki. Amma da na ajiye wayar sai na daɗe ban tashi daga kujera ba, kuma mako bai ƙare ba na hau mota na nufi Kafanchan.

Yaran yanzu ba su san wurin da sunan gidan silima ba. Sun taso sun tarar da shi wurin ajiye buhunan citta, kafin nan kuma wata ƙaramar coci ta yi 'yan shekaru a ciki. Mu kuwa da muka yi samartaka bayan yaƙin basasa, nan ne duniya take zuwa ta same mu. Fili ne babba da aka kewaye da katanga, ba rufi sai ɗan kwano a can baya inda manyan ma'aikatan reluwe suke zama a kan kujeru. Sauranmu benci ne, na gaba kuma ƙasa. A gabas akwai bango ɗaya dogo da ake shafe shi da farar ƙasa, shi ne allon kallo. Fim yana zuwa ne cikin gwangwanaye a jirgin ƙasa, in jirgi ya makara fim ya makara, ba wanda yake fushi. Ana tsaka da kallon 'yan Indiya suna waƙa a kan tudu sai jirgin Fatakwal ya busa, ya danne muryoyinsu gaba ɗaya, mu kuma mu cike gurbin da bakinmu. A farkon damina ƙwarin shinge yakan cika hasken injin, ka ga inuwar fikafikai tana yawo a fuskar jarumi. Ƙanshin tsire da gasasshiyar masara yana shigowa ta kan katanga, yana haɗuwa da warin kwal daga tasha. Har yau in na ji hayaƙin kwal, kiɗan Indiya nake fara ji a kunnena.

Aiki ya yawata da ni daga baya. Na shiga silima mai fanka da labule a Legas, na shiga ta Kumasi inda ake tafi in mugu ya faɗi, na shiga ta Duwala inda fim yake magana da Faransanci mutane kuma suna ba shi amsa da yarensu. Duk sun fi tamu kyau. Amma ban ga inda bango yake kiran mutanen gari ba sai a tamu.

Abin daga reluwe ya samo asali. Garinmu mahaɗar jirage ne, kuma jirgi ba ya zuwa lokacin da aka ce zai zo. In ana neman direba ko mai zuba kwal ya karɓi aiki, ɗan aike ba ya wahalar da kansa zuwa kwatas, ya san inda suke. Sai ya hau wurin mai inji, wani dattijon Bahaushe siriri daga cikin tsofaffin gidajen 'yan kasuwa, wanda kowa yake ce wa Malam. Malam yana da 'yan gilasai da yake turara su da hayaƙin fitila har su yi baƙi. Sai ya ɗauki ƙusa ya karce saƙon a kai, in ya zo canja gwangwanin fim ya saka gilashin a gaban haske, rubutun ya fito fari tas a jikin bango. Da yake rabin masu kallo ba su yi boko ba, sai ya zama duk wanda ya iya karatu zai karanta da ƙarfi, baki ɗaya, gaɓa gaɓa, kamar 'yan aji ɗaya. Daga kiran direbobi abin ya bazu. Akuya ta ɓata, bango ya faɗa. Baƙo ya sauka daga Zangon Kataf bai san gidan ɗan'uwansa ba, bango ya faɗa. Wata rana muka karanta cewa mijin wance ya koma gida ta haihu, gidan ya ɗauka da tafi, mutumin ya miƙe yana cewa a bari ya ga ƙarshen faɗan tukuna, aka kore shi da ɓawon gyaɗa. In Malam ya yi kuskure ya saka gilashin a kife, sai ka ji daga gaba ana cewa, "Malam, mu juya kanmu ne ko kai za ka juya?" Shi kuma ya leƙo ta 'yar tagarsa ya ce, "Ku juya, ai kawunan ba su da nauyi."

Mahaifiyata, da kowa yake kira Mama, ba ta taɓa zuwa kallo ba. 'Yar zumuntar mata ce a coci, kuma takan ce wurin da ake kashe fitila da gangan a tara maza da mata ba ta da abin nema a ciki. Sana'arta dafaffiyar gyaɗa da masara a tasha, tun ina yaro, tun bayan rasuwar babanmu.

A tashar nan ta samu Kyauta. Shekarar da mutanen Gabas suke gudu zuwa gida, jirage suna zuwa cike har kan rufi, ana sauka daga wannan ana turmutsitsin shiga wancan. Wata rana da jirgi ya tashi, wuri ya yi shiru, Mama ta sunkuya za ta ɗauki bokitinta sai ta ga yarinya ƙarama a ƙarƙashin teburinta, ta rungume ƙafar teburin, ba ta kuka. Ba ta wuce shekara uku ba. Mama ta goya ta ta yi ta zagaya tashar har rana ta faɗi, ba wanda ya san ta. Kwanakin ba na nuna irin wannan yarinya a fili ba ne, don haka muka kwashe muka koma ƙauyenmu wajen Kagoma, can ta tashi. Mama ta sa mata suna Kyauta. Ta koyi yarenmu kafin ta koyi Hausa, ta koyi kankare citta da ɗaukar ruwa daga rafi, tana kirana Yaya. Fasto ya yi cigiya a majami'u bayan yaƙi, shiru. Ba mu ɓoye mata cewa a tasha aka same ta ba, amma maganar a wurinta kamar tatsuniya ce da ta faru da wata yarinya. Da na samu aikin duba tikiti a reluwe sai muka dawo gari, Mama ta koma teburinta, ta sa Kyauta a makaranta. Mama ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma kullum da yamma sai ta zaunar da yarinyar ta ce ta karanta mata, ko takardar da aka ƙunso sabulu ce.

Ni na yi mata alkawari cewa in ta fi kowa karatu a ajinsu zan kai ta silima. Ta kuwa fi kowa. Mama ta yi ta gunaguni, a ƙarshe ta ce, "Ka riƙe mata hannu. In sun fara abin kunya ka rufe mata ido." Lokacin hutun Ista ne, an yi ruwan farko da rana, gari ya yi sanyi, sai na yafa mata rigar aikina a kan tata.

Muka zauna a benci na tsakiya. Ta kasa zama wuri ɗaya, tana tambayata ko mutanen suna bayan bangon ne. Da gwangwanin farko ya ƙare, haske ya yi fari, sai rubutu ya fito. Na riga na ba ta labarin wannan al'ada, kuma ita ce abin da ta fi ɗoki, don haka ta miƙe tsaye a kan benci don a ji ta. Gidan ya fara, muryarta siririya tana saman ta kowa.

"A-na ci-gi-ya. Ya-rin-ya ta ɓa-ta a ta-sha she-ka-rar gu-du. Ta-na da ta-bon ƙu-na mai kusur-wa u-ku a han-nun ha-gu."

Nan ta tsaya. Sauran mutane suka ƙarasa ba da ita ba: ubanta yana bakin ƙofa. Ba a yi tafi ba, ba a yi ba'a ba. Wani a bayanmu ya ce Allah ya sa a dace, wani ya amsa da amin, fim ya ci gaba.

Ta sauko a hankali ta zauna. Ta cusa hannun dama cikin rigata ta dafe wurin. Na san tabon kamar yadda na san tafin hannuna, sama kaɗan da gwiwar hannu, da shi ta zo mana. Can ta ce mini da yarenmu, ba ta dube ni ba, "Yaya, irin nawa ne."

Na ce, "Irin naki ne."

"Za mu tafi gida?"

"Yadda kika ce."

Ta ce, "A bari ya ƙare."

Muka zauna har ƙarshe, amma ko ni ko ita ba wanda zai iya faɗin abin da aka nuna. Da muka zo fita na ga mai cigiyar. Mutum ne dogo cikin kakin reluwe da ya koɗe, hularsa a hannu, yana tsaye gefen mai yagar tikiti, ba fuskoki yake kallo ba, hannuwan yara yake bi da ido. Muka wuce ta gabansa, rigata tana rufe da ita har gwiwa. Wannan magana ba tawa ba ce in buɗe ta a bakin ƙofa, ta Mama ce.

Da safe, da Kyauta ta tafi famfo, na samu Mama tana wanke gyaɗa na faɗa mata duka. Ba ta daina cuɗa gyaɗar ba har na gama. Ruwan ya yi ja da ƙasa, ta tsiyaye, ta zuba wani. Sannan ta yi mini wata tambaya da ban zata ba, wadda zan faɗa a ƙarshe, domin sai da na tsufa na san wa ya kamata ya ji ta. Bayan haka ta goge hannu, ta shiga ɗaki ta buɗe akwatinta na ƙarfe, ta ciro 'yar rigar da yarinyar take sanye da ita ranar da aka same ta. Ta ƙunshe rigar, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, da Kyauta ta dawo ta kama hannunta ta ce mini, "Kai ni gidan nan naku."

Gidan silima da rana abin tausayi ne. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara ko'ina, awaki suna kwance ƙarƙashin benci, bangon da yake ɗauke da duwatsun Indiya da daddare ashe duk tsaga ne da zanen ruwan sama. Malam yana zaune a gindin matakala yana goge wani ƙarfe. Da ya ga Mama sai ya miƙe.

"A'a, Mama mai gyaɗa. Yau ke ce a gidanmu? Kin yi sammako, sai an yi magariba muke farawa."

"Ba kallo na zo ba, Malam. Bangonka ya yi kira, na zo amsawa."

Ya dubi Kyauta, ya dubi ƙunshin da yake hannun Mama, murmushin ya bar fuskarsa. Ya kakkaɓe mana benci da hularsa, ya tafi tasha da kansa ya kirawo mutumin.

Makaniken jirgi ne, ya yi aiki a Bukur kafin gudu, yana jin Hausa irin ta reluwe. A nan Kafanchan suka canja jirgi a ranar, shi yana ɗauke da kaya yana zaton yarinyar tana hannun uwarta, uwar tana goye da jariri tana zaton tana hannunsa. Sai da jirgi ya yi nisa suka gane, kuma ba jirgin da yake komawa baya a lokacin. Tun da aka maido shi aiki, duk hutunsa a tashoshi yake ƙarewa. Wani direba ne ya ba shi labarin bangonmu.

Rigar ya fara gani. Ya karɓe ta da hannu biyu ya ce matarsa ce ta ɗinka da ragowar zaninta. Mama ta jawo Kyauta ta naɗe mata hannun riga. Mutumin ya durƙusa a cikin ɓawon gyaɗa ya daɗe yana kallon tabon bai taɓa ba.

Ya ce, "Ni na yi shi. Ina gugar kayan aiki, na ajiye dutsen guga a ƙasa, ta rarrafo."

Sai ya kira wani suna, a hankali, ya sake kira. Kyauta ta koma bayan Mama ta riƙe zaninta, ta tambaye ni da yarenmu me mutumin nan yake cewa. Ya ga ba ta gane ba. Ban taɓa ganin fuskar namiji ta yi irin abin da tasa ta yi ba.

Mama ta ce, "Uwarta fa?"

"Tana da rai, Mama. Kowane abinci ta dafa, sai ta zuba a ƙaramin kwano ta rufe ta ajiye. Da safe ta ba kaji."

Mama ta daɗe tana kallon bangon. Akuya ta zo tana jan bakin ƙunshinta ba ta kore ta ba. Daga baya ta ce, "Da ka ce mini ta mutu, da ni da kai sai gaban sarki. Amma mace mai ajiye kwano, ba zan iya da ita ba." Ta share fuska da bakin ɗankwali ta ci gaba, kamar mai ba da sallahu. "Ba ta cin kuɓewa, kada a tilasta mata. Tana tsoron tsawa, in ana ruwa a riƙe mata ƙafa. Kuma kada ku cire ta daga makaranta, ka ji ni ko? Kanta yana ja. Ka bar mini ita ta yi Lahadi, a yi mata addu'a."

Ya bari. Ran Litinin muka raka su tasha, daidai inda aka same ta. Mama ta ƙunsa mata gyaɗa, ta gyara mata wuyan riga, ta ce ta gaida uwarta. Kyauta ba ta yi kuka ba sai da jirgi ya busa, sannan ta fara kiran Mama ta taga da yarenmu. A daidai lokacin wani fasinja daga wani tarago ya ɗaga murya yana kiran mai gyaɗa, Mama ta ɗauki tirenta ta je ta auna masa. Sai da muka koma gida ta zauna a ƙofar ɗaki har dare, ba ta hura wuta ba.

Uban ya yi alkawarin kawo ta da Kirsimeti, amma aka canja masa wurin aiki, ba da jimawa ba kuma muka ji ta bakin direbobi cewa ya rasu. Na sha ce wa Mama ta shirya in kai ta, tunda jirgi ba baƙona ba ne. Takan ce, "In na je zan raba mata zuciya biyu. Ta zauna da uwarta. In ta girma za ta zo da ƙafarta." Da aka ba ni ɗaki a kwatas muka tashi daga tsohon gidan, sai wani tunani ya shige ta: in yarinyar ta zo ba za ta san inda muke ba, amma ta san inda ake cigiya. Daga nan ta fara ɗaukar tirenta da yamma ta zauna a bayan katangar silima. Matan zumunta suka yi ta magana, ta ce musu gyaɗa take sayarwa. Ba ta sake shiga ba. In ta ji gidan ya ɗauki karatu sai ta tsayar da awo ta kasa kunne, amma muryoyin suna isowa ne a dunƙule. Don haka duk wanda ya fito sai ta tare shi.

"Ɗana, yau me bangon ya ce?"

"Jaki ne ya ɓata, Mama."

"To, Allah ya bayyana shi."

Haka ta yi shekaru. Ta rasu ina can Kudu wurin aiki, saƙo bai same ni da wuri ba. Abokan aiki suka gaya mini Malam da kansa ya karce rasuwarta a gilashi ba wanda ya sa shi, gidan kuma ya karanta ƙasa ƙasa.

Na nemo Kyauta bayan haka, ta zama budurwa, daga baya malamar makaranta, daga baya uwar 'ya'ya. Yarenmu ya gudu daga bakinta, Hausa ta rage 'yan kalmomi, ni kuma zaman Gabas ya koya mini Ibo, da shi muke hira. Muna gaisawa, muna zuwa bukukuwan juna, amma maganar wannan maraice ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Da na isa wurin a wannan zuwan, ban tarar da komai ba sai tarin bulo da yashi. Wasu samari suna zaune a kan tarin, kowa da wayarsa da abin toshe kunne, kowa yana kallon nasa fim ɗin, yana dariyarsa shi kaɗai. Ban ga laifinsu ba. Yanzu in yaro ya ɓata, hotonsa yana isa Legas kafin uwarsa ta gama kuka, kuma wannan alheri ne. Sai dai ban san ko akwai sauran wurin da gari guda zai buɗe baki ya karanta damuwar mutum ɗaya tare ba. Na tona da sandata na samu ɓallin siminti da sauran farar ƙasa a jikinsa, na zauna a inuwa na kira Kyauta a waya.

Na ce mata sun rushe bangon. Sai na ji ta, tsohuwa mai jikoki, tana jan gaɓoɓin da Hausar da na zaci ta manta: "A-na ci-gi-ya." Ta tsaya, ta koma Ibo.

"Yaya, akwai abin da ban taɓa tambayarka ba. Ni na hau benci na karanta da bakina. Tun ina yarinya nake ganin kamar ni na kira rabuwar. Mama ta ji haushin karatun nan?"

Na ce mata a'a, kuma in tana so zan faɗa mata abin da Mama ta fara tambaya da safen nan, lokacin tana famfo. Ta ce in faɗa da Hausa, yadda za ta ji kamar muryar Mama ce a tasha.

Na ce, Mama ta ɗago daga kan gyaɗar ta ce, "Ita ma ta karanta?" Na ce ta karanta, a tsaye a kan benci. Ta ce, "An ji muryarta?" Na ce ta fi ta kowa fita. Ta ce, "Ba ta yi tuntuɓe ba?" Na ce ko sau ɗaya.

"Sai ta ce me?" in ji Kyauta.

"Sai ta ce, to madalla. Ta ci gaba da wanke gyaɗarta."